Famfo bai ɗiga ba, takardar kuɗi ta zo: ina matsalar ruwan gidajen Damagaram take?

Duk shekara in bazara ta kama, daga Maris har faɗuwar ruwan farko, hirar majalisu a Damagaram ba ta wuce ta ruwa. Wannan ya ce kwana biyar famfon gidansa bai ɗiga ba, amma takardar kuɗin wata ta zo masa da nauyi. Wancan ya ce maƙwabcinsa yana samu shi ba ya samu, alhali bututu guda ne ya ratsa layinsu. Uwar gida kuma kukanta shi ne ruwan in ya zo sai ya zo ja, da ɗan wari, bayan kwana biyu yara su kama gudawa. Kowa da wanda yake ɗora wa laifi: kamfanin ruwa, mai gyaran famfo, ko ɗan kasuwar da ya sayar da kaya marasa ƙwari.

Cikin waɗannan matsaloli, wace ce take shigowa daga waje, wace ce kuma aka haifa a cikin gida? Ruwa dai ba ya tsami banza. Mafi yawan abin da ke lalacewa a famfon gidajenmu tushensa guda ne: an shimfiɗa bututun kamar na garin da ruwa ba ya yankewa, alhali namu wuni yake yi, wani lokaci kwanaki, babu komai a cikinsa sai iska.

Inda ruwan yake fitowa, da inda alhakin kowa ya tsaya

Damagaram a kan dutse take zaune. Manyan duwatsun da ake gani a Birni alama ce ta abin da ke ƙarƙashin garin: falalen dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa sai a cikin tsagoginsa. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka mayar da babban birni zuwa Yamai a 1926. Ruwan da ake sha yau daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya ta kudu, daga Arunguza da Ganaram ta arewa. Gari yana ta faɗaɗa, buƙata tana ninkuwa lokacin zafi, in wuta ta ɗauke kuma injinan turawa su tsaya. Unguwar da ke kan tudu ko a ƙarshen layi ita ce ta ƙarshen samu, ita ce ta farkon rasawa.

Rijiyoyi da manyan tankuna da manyan bututu na SPEN ne, kamfanin gwamnati mai mallakar kayan ruwa. Rabon ruwa da karɓar kuɗi kuwa yana hannun kamfanin ruwa na NDE, wanda ya gaji tsohon kamfanin SEEN a farkon 2024. Iyakar da ya kamata kowane mai gida ya sani ita ce kontar, wato agogon da ke ƙidaya ruwa. Daga kontar zuwa titi aikin kamfani ne, kuma ba a taɓa shi. Daga kontar zuwa cikin gida naka ne, duk ɗigon da ya zube a nan kai za ka biya. A ƙauyukan da ke da shato na gari, wato babban tankin ruwa na sama, wanda hasken rana ko injin gazuwal ke cikawa, ƙa'idar ba ta sauya ba.

Abin da ke faruwa a bututun da ya wuni babu ruwa

Wanda ya taɓa jiran ruwa da tsakar dare ya san yadda yake isowa. Kan famfo ya fara huci, ya yi tari, ya tofar da ruwa ja gauraye da yashi, bututun da ke jikin bango ya yi rawa, sannan a hankali ruwan ya daidaita ya yi fari. Cikin waɗannan ƴan mintuna ake yin yawancin ɓarnar.

Shin iskar nan tana juya kontar? Tana juyawa. A cikin kontar akwai ƴar farfela, kuma duk abin da ya ratsa ta da ƙarfi zai juya ta, ruwa ne ko iska. Masu ƙorafin cewa iska ake ƙirga musu a madadin ruwa ba ƙarya suke yi ba. Sai dai iska ba ta ratsa kontar sai ta sami mafita a cikin gida, mafitar kuwa mu muke ba ta: al'adar nan ta barin famfo a buɗe da bokiti a ƙasa don ƙarar ruwa ta tashi mutum daga barci. Duk iskar da ta taru a layin unguwa sai ta bi ta gidan da ya bar ƙofa. Abin yi shi ne a rufe makullin da ke bayan kontar, ta gefen gida, in ruwa ya ɗauke, in ya dawo a buɗe shi sannu a hankali. Akwai bawul na musamman mai fitar da iska daga layi, amma gaban kontar ake sa shi, ta gefen titi, don haka kamfani ake nema ya sa, ba mai gyaran unguwa ba.

Buɗewa a hankali yana da wani amfanin. Ruwan da ya taho da gudu cikin bututun da babu komai, in ya ci karo da gwiwa ko makulli a rufe, dukan guduma yake yi. Dukan nan shi ke kwance mahaɗai ɗaya bayan ɗaya, shi ke tsaga gwiwar roba a cikin bango. Makulli mai hannu guda, wanda juyi kwata ke buɗe shi gaba ɗaya, ya fi kowanne jawo wannan in an fizge shi.

Mafi hatsari kuwa ba a jin ƙararsa. In babban bututu yana zubar da ruwansa zuwa gangare, tsotso yake yi ta baya, kamar mai shan fura da tsinke. Tiyon da aka bari cikin duro ko cikin bahon wanki zai mayar da wannan ruwan cikin layi. Bututun da ya ratsa kwata ko ya bi gefen gologo, wato ramin ruwan datti, in yana da ƴar tsaga, lokacin da ruwa ke ciki waje yake zubarwa, lokacin da babu kuma ƙazanta yake ja ciki. Wannan ne asalin warin ruwan farko. Saboda haka ruwan farko ba na sha ba ne: a tara shi a bokiti har sai ya washe, a yi shara ko ban ruwan itace da shi. Kada bakin tiyo ya nutse cikin abin da ake cikawa, a bar tazara tsakaninsu. Bayan kontar kuma a jera abu uku bi da bi: makulli, sai ƴar matata mai raga da ke tare yashi, sai bawul mai hana ruwa komawa baya, wanda masu sana'ar ke kira kilape. Matatar takan toshe, a kwance ta a wanke duk wata. Gidaje da yawa da ke kukan ruwa ba shi da ƙarfi, yashi ne ya cika ragar matata ko ƴar ragar da ke bakin famfo.

Yadda ake gane yoyon da ido ba ya gani

Iska takan ƙara wani abu a takardar kuɗi, amma in kuɗin ya ninka wata da watanni, a fara neman yoyo. Gwajin ba ya cin ko dala. Lokacin da ruwa yake nan, a rufe kowane famfo na gida, a tabbata tanki ba ya sha, a je a tsuguna gaban kontar. Baƙaƙen lambobi kubik suke ƙirgawa, kubik ɗaya kuwa lita 1,000 ne, wato bido 40 na lita 25. Jajayen lambobi da ƴan allurai su ke nuna abin da bai kai kubik ba. Akwai kuma ƴar tauraruwa a tsakiya wadda ko ƙaramin ruwa yana motsa ta. In tana juyawa alhali komai a rufe yake, ruwa yana fita ta wani wuri.

Gidan da ke sha daga tanki kuwa, a rufe mashigar tankin da dare, a sa alama a inda ruwa ya tsaya, kada kowa ya taɓa famfo har asuba. A tankin da faɗinsa ya ɗan haura mita 1, raguwar santimita 1 kusan lita 10 ce.

Mutane suna raina ɗigo. A tara kwalbar lita ɗaya a ƙarƙashinsa a duba agogo: in ta cika cikin awa guda, lita 24 ke nan a yini, lita 720 a wata. Babban ɓarawon ma ba kan famfo ba ne, tankin masai na zama ne. Robar da ke toshe ƙasansa in ta taurare, ko yashi ya maƙale a bakinta, sai siririn ruwa ya riƙa gangarawa dare da rana ba ƙara. Lita ɗaya cikin minti biyar ta kai lita 288 a yini, sama da kubik 8 a wata. A zuba ɗan shuɗin wanki a tankin, a jira minti 15 ba a ja ruwa ba. In launi ya bayyana a cikin kwanon, robar ta mutu, kuma kuɗinta bai kai na ruwan da take zubarwa ba.

Yoyon cikin ƙasa yakan tona kansa: wuri guda a tsakar gida da ba ya bushewa ko da rani, ciyawa ta fito kore shar a inda ba a ban ruwa, gara ta taru, ko farin gishiri ya feso a gindin bango fenti yana ɓarewa.

Injin tsotsa, tankin ƙasa da shato

A nan ne maƙwabta suka fi samun saɓani. Mai hali yakan sayi injin tura ruwa ya haɗa shi kai tsaye da bututun kamfani. Hujjarsa ita ce da kuɗinsa ya saya, kuma ruwan da ya ja yana biya. Maƙwabcinsa kuma ya ce tun ranar da aka kunna injin nan famfonsa ya bushe, ya koma sayen ruwa wurin ƴan garuwa, inda kuɗin lita ya fi na kontar nesa ba kusa ba. Gaskiya tana wajen maƙwabcin. Injin ba ya ƙara ko ɗigo a layin, rabon wasu yake janyewa, kuma wanda ba shi da halin sayen inji shi ke biyan bambancin. Mai injin ma bai tsira ba: tsotson da yake yi shi ke ƙara jawo ƙazanta ta kowace tsaga da ke layin, ya kawo ta tankinsa, in ruwa ya yanke kuma injin ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone.

Tsarin da ya dace da gari irin namu hawa biyu ne. Ruwan kamfani ya shigo da ƙarfin kansa cikin tanki na ƙasa, mai fulotar, wato ƙwallon da ke rufe mashiga in tanki ya cika. Daga nan inji ya ɗaga shi zuwa shato na sama, gida kuma ya sha daga shaton. A sa wa injin makunni mai iyo da zai kashe shi in tankin ƙasa ya kusa ƙarewa. In tankin na siminti ne a cikin ƙasa, bakinsa ya ɗara tsakar gida tsawo don kada ruwan sama ya kwarara ciki, kuma ya yi nesa da ramin masai.

Girman tanki lissafi ne. Gidan da ke da shawa da masai na ruwa, a ƙaddara aƙalla lita 50 ga kowane mutum a yini. Mutum goma lita 500 ke nan, in ana so a jure yankewar kwana uku sai lita 1,500. A tuna lita 1,000 tan guda ce cur, ban da nauyin tankin. Ba a ɗora wannan a kan rufin azara ko soron ƙasa, kuma ƙafafun ƙarfen da za su ɗauke shi suna son tushe na kankare da faranti shimfiɗaɗɗe wanda gindin tankin zai zauna a kai gaba ɗaya. Tankin roba da aka ɗora a kan sanduna biyu ko uku yakan lotsa ya tsage.

Ƙarfin ruwan shato daga tsawo yake zuwa, ba daga girman tanki ba. Kowane mita 10 na tsawo yana ba da bar 1, wato ma'aunin ƙarfin turin ruwa. Wanda ya ɗora tanki a mita 3, kan shawarsa kuma yana mita 2, tazarar mita 1 kawai gare shi, dole ruwan ya riƙa zuwa kamar hawaye. A nemi tazarar mita 3 ko fiye tsakanin gindin tanki da kan shawa. Kuskure na biyu shi ne a sauko da siririn bututu na milimita 20 tun daga sama har ko'ina. A sauko da na 32, a raba da na 25, sai a kusa da kan famfo a koma na 20, a kuma rage yawan gwiwoyi, don kowace gwiwa tana cin ƙarfi.

Tanki ya zama wanda haske ba ya ratsawa, in ba haka ba gansakuka za ta yi kore a ciki. Murfi ya rufu ruf saboda ƙurar hunturu da ƙadangaru, bututun ambaliya kuma a ɗaure masa raga don sauro. Mafitar ruwa ta ɗara gindin tanki da santimita 5 zuwa 10 don laka ta kwanta a ƙasa, a bar wata mafitar a can gindi ta wanki. Sau biyu a shekara a zubar, a goge da burushi, a ɗauraye. Don kashe ƙwayoyin cuta, tankin lita 1,000 yana son kimanin lita 2 na jabel mai ƙarfin kashi 2.6 cikin ɗari, a cika shi a bar shi kwana guda. Wannan ruwan ba a sha, ba a ba dabba ko shuka, amma ya yi wankin makewayi da daɓe. Kada a taɓa haɗa jabel da asid ko wani maganin wanki, hayaƙin da suke fitarwa yana ƙona huhu.

Rana, bututu da bangon ƙasa

Ƙarfin da aka rubuta a jikin bututun roba, PN10 ko PN16, wato bar 10 ko 16, an auna shi ne da ruwa mai sanyin digiri 20. A garin da zafin inuwa ke haura 40 a Afrilu da Mayu, bututun da ke kwance a rana ya rasa wani kaso mai yawa na wannan ƙarfin, hasken rana kuma yana busar da bututun roba na PVC har ya riƙa karyewa kamar ƙwarya. Duk bututun da ke waje a binne shi, wanda ba ya binnuwa a yi masa fenti mai haske ko a rufe shi. Zurfin santimita 50 zuwa 60 ya isa a tsakar gida, inda mota ko amalanke ke bi a kai 80. A ƙasa mai tsakuwa da duwatsu a shimfiɗa yashi mai laushi santimita 10, a kwantar da bututu, a sake rufe shi da yashi kafin a mayar da ƙasa. Tsinin dutse guda da ke danne da bututu ya isa ya huda shi cikin ƴan shekaru.

Araha ba ta ado. PVC iri biyu ne a kasuwa: mai kauri na ruwan famfo, da marar kauri na zubar da ruwan datti. A ido sun yi kama, a kuɗi sun bambanta, kuma sau da yawa na biyun ake sa wa a gurbin na farko. A karanta rubutun jikinsa kafin a biya. Daga kontar zuwa gida baƙin tiyo mai zanen shuɗi, PEHD, ya fi, don a naɗe yake zuwa, babu mahaɗai a cikin ƙasa. A cikin ɗaki kuma koren bututun nan, PPR, wanda ake haɗawa da injin zafi a digiri 260: daƙiƙa 5 ga na milimita 20, 7 ga na 25, 8 ga na 32. In an wuce haka robar takan narke ta tattaru a ciki ta rage hanya, daga waje aiki tsaf, ruwa kuwa ba ƙarfi. Ɗabi'ar gasa bakin PVC a wuta don a cusa wani cikinsa maimakon a sayi mahaɗi takan jawo yoyo a cikin bango. A yanke bututu daidai, a kankare bakin, a goge ƙura, a shafa gam a ɓangarorin biyu, a bar shi ya kwana kafin a sake masa ruwa.

Kafin magini ya shafe siminti, a cika layin da ruwa a bar shi kwana guda ana dubawa, a kuma ɗauki hoton kowane bango da waya. Ranar da za a nemi inda bututu ya bi, hoton nan zai hana a farfasa rabin ɗaki.

Gidan ƙasa kuwa maganarsa daban ce. Ɗigon da zai ɓata fenti kawai a ginin bulo, a ginin tubali gindin bango yake jiƙawa a hankali, har damina ta zo a Agusta ta ƙarasa shi a kan mutane. Kada a binne bututu a cikin bangon ƙasa. A bi da shi ta waje inda ido ke gani, inda dole ya ratsa bango a zura shi cikin wani bututun da ya fi shi faɗi. Famfon tsakar gida ya yi nesa da bango da aƙalla mita guda, da daɓen siminti mai gangara zuwa magudana.

Zartsi, farin dutse da abin da harshe ba ya ji

Ƴan kasuwarmu da ke zuwa Kwatano da Lome da Legas sun san yadda gidajen bakin teku suke fama: iska mai gishiri tana cin ƙarfe, ruwan ƙasa yana kusa har ramin masai ba ya tsotsewa, rijiyar da aka matsa wa ja kuma ruwan teku ya kutso mata ta koma zartsi. Mu ba mu da teku, amma ba mu rasa dangin waɗannan ba. A wuraren da ƙasa ke da kanwa ruwan rijiya yakan yi zartsi, irin wannan ruwan kuma yana cin bututun ƙarfe na galba daga ciki: tsatsa ta toshe hanya, ruwa ya riƙa fitowa ja da safe. Inda aka haɗa jan ƙarfe da galba kai tsaye, galbar ce ke saurin ruɓewa a daidai mahaɗin. A irin wannan wuri roba ta fi ƙarfe.

Farin dutsen da ke toshe ramukan kan shawa da bakin famfo kuwa, a kwance su a jiƙa cikin ruwan kal su kwana, da safe a goge.

Abin da ya fi damuwa shi ne wanda ba shi da ɗanɗano. Wanda ya haƙa rijiyar burtsatse a gida ko a gona ya kai ruwan a auna kafin iyali su fara sha. A Tibiri ta jihar Maraɗi, ruwan rijiya mai yawan sinadarin fuluwo ya lanƙwasa ƙasusuwan yara masu yawa, ruwan kuwa fari ne tas. Tafasawa ba ta cire wannan sinadari, jabel ma haka.

Wari a makewayi, da ramin da ke cika da wuri

A ƙarƙashin kowane wurin wanke hannu da magudanar shawa akwai lanƙwasar bututu da ke riƙe ɗan ruwa, kimanin santimita 5. Wannan ɗan ruwan shi ne ƙofar da ke tare warin rami da kyankyasai. Da zafi da busasshiyar iskarmu, makewayin baƙi da ba a shiga yakan bushe cikin ƴan makonni, wari ya cika gida, a kira mai gyara alhali buta guda ta ruwa ce maganin. In kuma ana jin magudana tana ƙugi duk lokacin da aka ja ruwan masai, bututun shan iska ne babu. A fitar da shi, mai faɗin milimita 100, ya haura rufi, da raga a bakinsa.

Bututun masai na 100 ko 110 ne, na shawa da madafa 50, gangara kuma santimita 2 a kowane mita. In ta gaza haka datti ya kwanta. A gidan da ake tsimin ruwa wannan ya fi tsanani, don rabin buta ba ya kai kaya ko'ina: masai na zama yana son a sake masa ruwansa a tashi ɗaya. Gidan da ruwa bai wadace shi ba, masai na tsuguno da ke kusa da raminsa, ko salga mai bututun iska, ya fi masa kwanciyar hankali. A kowace kwana a gina akwatin dubawa mai murfi. Tokar wanke tukunya, yashi, maiƙo, ƙunzugun yara da leda su ne masu toshe layi, sai saiwar dogon yaro da ke bin danshi ta shiga ta mahaɗi.

Fos, wato ramin siminti da ke narkar da bayan gida, ɗaki biyu ne: na farko kashi biyu cikin uku, na biyu kashi ɗaya. Ga matsakaicin gida kada ya gaza kubik 3, zurfin ruwansa ya kai mita 1.2, mafita ta yi ƙasa da mashiga da kamar santimita 5, dukansu da mahaɗi mai siffar T don kumfar sama kada ta wuce. Ruwan da ya fito sai ya shiga ramin tsotsewa. A nan ƙasar Damagaram ke nuna halinta: a unguwar da aka tarar da dutse tun a mita ɗaya ko biyu, ramin ba ya shanyewa, wata biyu ya cika ya malalo titi. Kafin a kashe kuɗi a haƙa ɗan rami a wurin, a cika shi da ruwa, a ga ko zai shanye cikin ƴan awoyi. In ya kwana da ruwansa, zurfafawa ba za ta yi magani ba, sai dai a yi dogayen ramuka marasa zurfi da tsakuwa a inda ƙasa ke da yashi, a kuma raba ruwan wanka da na wanki zuwa nasu gologon.

A kudu kuwa, yankin Korama wajen Matamai da Magarya, matsalar juyewa take yi ta koma irin ta bakin teku: ruwan ƙasa yana kusa, rami yana tsotsewa da sauri, amma cikin ruwan da ake sha yake tsotsewa. Gindin rami ya tsaya aƙalla mita 1.5 zuwa 2 sama da inda ruwa ke kaiwa a ƙarshen damina, ba a tsakiyar rani ba. Tsakanin rami da rijiya a bar mita 30, ramin kuma ya kasance ta gangare. Inda dutse mai tsaga ne, ko mita 30 ɗin ba tabbas ba ne, don ƙazanta tana bin tsaga ba tare da ƙasa ta tace ta ba. Rijiyar maƙwabci ma tana cikin lissafin.

Masu zuba baƙin mai ko giresil, maganin nan na wanke masai, a fos don kashe wari, ƙananan halittun da ke narkar da kayan suke kashewa, ramin ya ƙara saurin cika. A riƙa auna laka da doguwar sanda sau ɗaya a shekara, in ta kai rabin zurfin ruwan a kira motar kwasa, a bar ƴar kaɗan a gindi don aikin narkewa ya ci gaba. Kada kowa ya shiga cikin fos, ko an kwashe shi, kuma kada a leƙa shi da ashana ko taba a hannu. Iskar da ke ciki tana kama wuta, tana kuma sumar da mutum cikin numfashi kaɗan, wanda ya bi shi don ya cece shi ma haka take yi masa. In abu ya faɗa ciki ko bututu ya toshe daga can, a buɗe murafen duka a bar shi ya sha iska, a yi aikin daga sama da sanda ko ƙugiya.